Wasiƙa daga Ontariyo: wane filafili mai kai biyu za a saya?

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa lafiya. Tambaya kan filafili mai kai biyu ta yi yawa, musamman daga mutanenmu na Yawuri da Argungu masu ganin hotunansa a Facebook. Wasu kuma suna son jin kuɗin hayar kwalekwale da dokokin ruwa a nan Kanada.

A fara duba tsawo kafin farashi. Yawancin na kanti don kayak aka yi su, siririn jirgin nan da ake zama ƙasa-ƙasa a cikinsa, tsawonsu santimita 210 zuwa 240. Kwalekwale ya fi faɗi, mazauninsa ya fi tudu, don haka mai tuƙi shi kaɗai yana buƙatar 250 zuwa 280. In filafilin ya gajarta, ƙotar ta dinga bugun gefen jirgi ke nan, dole kuma ka miƙar da ita sama, ruwa yana zubo maka a cinya. Kamfanin Bending Branches yana ƙera na 260 da 280 don wannan aikin. Tafin filafilin, wato kan da ke shiga ruwa, ya zama dogo siriri, mai faɗi yana cin kafaɗa a doguwar tafiya.

A wajen ƙota ne araha take yaudarar mutane. Mafi arha ita ce ta alminiyom mai tafin roba, nauyinta ya haura kilo ɗaya. Nauyin da sauƙi, sanyi ne abin tsoro. Ƙanƙarar tafkunan gandun dajin Algonkwin da ke nan Ontariyo ba ta narkewa sai ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ruwan kuma bai daina yankan hannu ba ko da rana ta fito. Alminiyom yana zuƙe ɗumin tafin hannu nan da nan. Yatsu su yi fari, su sandare, riƙo ya saki, daidai lokacin da iska ta taso kana buƙatar ƙarfi. Shi ya sa ake sa safar hannu ta roba, ko a naɗe wurin riƙon. A gida rana ce abokiyar gaba: ƙarfen ya ɗau zafi, robar mai arha ta bushe ta tsage, sai a riƙa ajiye shi a inuwa.

Ni dai shawarata ƙotar faiba, wato ta zaren gilashi da aka haɗa da roba. Tana kusa da giram 900, ba ta ɗaukar sanyi, farashinta tsaka-tsaki. Ta kabon ta fi sauƙin nauyi, amma kuɗinta ya kan ninka, tafinta kuma ba ya son dutse.

Kafin ka biya, in filafilin mai rabuwa biyu ne, haɗa sassan ka girgiza. In mahaɗar tana motsi, ajiye shi, don kullum ƙara sakwarkwacewa za ta yi. Yashi kuma yana maƙale ta har ta ƙi rabuwa, don haka a wanke ta bayan tuƙi, a ajiye a rabe. Sabon hannu ya daidaita tafukan biyu kai ɗaya, karkatar da su digiri 30 ko 60 don saran iska ne. Zobban roba biyu masu tare ruwa su zauna kamar faɗin hannu daga tafi.

Doka a nan ta wajabta rigar ceto ga kowane mutum a jirgi, da usur, da abin kwarfar ruwa, da igiya mai iyo ta mita 15. Masu tuƙi a kogin Neja, don Allah a sayi rigar tun kafin filafilin. Batun haya sai wasiƙa ta gaba, in Allah ya yarda.

Naku,
daga Ontariyo