Yadda gamalin ya kashe mana tafki a fadamar Rima

Duk wanda ya yi su a fadamar Gulbin Rima a shekarun 1980 ya san gamalin. Maganin ƙwarin gona ne, amma a kasuwa cikin kwalbar lemo ake auna maka shi, babu takarda, babu mai tambayar me za ka yi da shi. Ni da kawuna muna da wani tafki wajen Wurno da muke kamu a ciki idan ruwa ya ja baya.

Mun ɗauka ɗaya yake da magimfa, kuma wannan zaton ne ya cuce mu. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Magimfa ganye ce, ka daka ka zuba, kifi ya bugu ya taso, bayan 'yan kwanaki ruwa ya koma yadda yake. Da wannan lissafin kawu ya miƙo min kwalbar ya ce, "Ɗana, zuba kaɗan mu gani." Kafin rana ta take ruwa ya yi fari fat da kifi, ciki a sama: tarwaɗa, gargaza, ƙurungu, har 'yan ƙananan da ba su kai yatsa ba, ga kwaɗi birjik a bakin gaɓa. Muka cika kwanduna, muka yi banda, muka kai Sakkwato muka sayar.

Da shekara ta zagayo muka jefa homa, sai laka. Ta gaba ma kusan haka. Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne, sinadarin lindane da ke cikin gamalin ba ya saurin lalacewa. Kwanciya yake cikin laka, ya taru a kitsen kifi, daga nan ya wuce jikin mai ci. Ga shi a tafkin nan Fulani ke shayar da shanu, nan mata ke ɗiba idan rijiya ta ƙafe. Ƙanwata ta kwana tana amai da jiri bayan ta ci kifin, muka ce shawara ce.

Hukuma kuwa ta makara. Sai a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, bayan an gano sharar guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. Dokar kamun kifi da ta hana zuba guba a ruwa ta zo a 1992, lindane kuma sai 2009 aka sa shi cikin magungunan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta hana. Kafin duk wannan, dokar da muke da ita bakin Sarkin Ruwa ce. Dattijon ya hana gamalin tun ranar da ya ji warinsa, samari muka ce tsufa ne. Alhali a Argungu rufe gulbin Matan Fada ake yi sai ranar bikin kamun kifi, shi ya sa ake fito da giwan ruwa.

Yanzu noman rani nake yi, kuma abin da ke tayar min da hankali shi ne yaran da ke wanke famfon feshi a bakin gulbi, suna cewa ai ruwa zai tafi da shi, maganar da muka yi kan gamalin ke nan. Ku wanke shi nesa da ruwa, cikin rami. Jarkar magani kuma ku huda ta kafin ku yar, don na sha ganin an kai ta gida ana zuba ruwan sha.