Daga Maradi zuwa tsibirin Gore, da littafin lissafi a aljihu

Shekara 11 na yi ina zana tsibirin Gore a jikin allo: ɗigo ɗaya da alli, kusa da hancin Dakar, in ce wa yara su kwafa. Wata rana mun gama darasin cinikin bayi, sai wata yarinya da ke zama a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe," haka yara ke kiran malami a wurinmu, "kai ka taɓa ganinsa?" Aji ya yi tsit, daga baya aka kwashe da dariya. Na ce mata ban taɓa ba. Abin da ban gaya mata ba shi ne ko teku ban taɓa gani ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kogin Kwara a ƙarƙashin gadar Kennedy a Yamai.

Tambayar nan ta zauna mini a wuya kamar ƙaya. Da aka ba ni ɗaukar adashinmu na malamai a hutun damina na 2016, sai na ce Gore za ni, kuma ta ƙasa, tunda kuɗin jirgin sama ba nawa ba ne. Inna ta dube ni ta ce, "Me ka ajiye a can? Da gabas ka nufa da na gane." Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai ƙulle mini kilishi da ƙuli-ƙuli a leda biyu.

Ya kamata in faɗi wani hali nawa tun da wuri. Ni mutum ne mai rubuta kowace dala da ta fita daga aljihuna. Abokan aiki suna ce masa rowa, ni ina ce masa tsari. Na sayi ɗan littafi sabo don tafiyar, na ja layi a tsakiyar kowane shafi: hagu abin da aka saya, dama kuɗinsa.

Daga Maradi zuwa Yamai hanyar gida ce, ba labari. Daga nan muka shiga Burkina ta Kancari, Fada Ngurma, Wagadugu, Bobo, muka tsallaka Mali ta Sikaso har Bamako. A lokacin mutum yana bin wannan hanya da katin shaida da katin rigakafi kawai, yana gyangyaɗi a kujerarsa. Yau ba zan ba ɗan'uwana shawarar bin gabashin Burkina a motar haya ba, kowa ya san rashin tsaron da ya faɗa wa yankin. Abin da na fi tunawa a wannan zangon shi ne lissafin kuɗi. Mai shayi a Bamako ya faɗa mini kuɗi da Bambaranci, wani ya fassara mini lambar, na miƙa, aka yi ta dariya. Ashe su ma biyar-biyar suke ƙirga Sefa kamar yadda muke yi da dala, su ce "dorome". Da na isa Senegal na tarar Wolof ma haka, su ce "derem". Kilomita fiye da 3,000, harsuna sun fi ƙarfin ƙirga, amma kan kuɗi kowa ɗan gidanmu ne.

Tsakanin Jema da Kayes motarmu ta mutu. Bayan magariba ne, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Karen mota ya shige ƙarƙashinta da fitilar waya a baki, ya fito ya girgiza kai. Sai an kawo wani ƙarfe daga Kayes da safe. Ruwa ya tsuge. Mun fi 50 a ciki, da jarirai, tagogi a rufe, zufa da warin busasshen kifin da wani ya ɗauko. Can sai muka hango fitilu uku suna tahowa daga cikin daji. Kowa ya sha jinin jikinsa. Matar da ke gefena ta zare 'yan kunnenta ta cusa a cikin ɗankwali, ni kuma na tura kuɗina cikin safa.

Wani dattijo ne da samari biyu, sun lulluɓa da buhunan leda. Daga ƙauyen da ke bayan gonakin gero suke, sun ga fitilar mota ta tsaya ba ta tashi ba. Sarakole ne, ba mai jin Faransanci a cikinsu sai ɗaya daga cikin samarin, shi ma kame-kame. Suka kwashe mu kaf, suka raba mu gida-gida kamar rabon naman layya: mata da yara nan, tsofaffi can. Ni da 'yan kasuwa biyu 'yan Senegal muka faɗa hannun dattijon. Aka kawo bokitin ruwan ɗumi. Aka kawo ƙwarya cike da wani abu kamar dambun gero, an kwarara masa nono, da ludayi uku. Ba a tambaye mu sunayenmu ba. Da lokacin kwanciya ya yi, ya kwance gidan sauron da ke kan gadonsa ya ɗaura mana, shi ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa. Na yi ta nuna masa da hannu cewa a'a, ya juya mini baya ya ja bargo.

Da asuba bayan mun yi salla, na ninke jika biyu na damƙa masa a hannu, a ɓoye, yadda ake yi. Ya buɗe hannun a gaban kowa ya dubi kuɗin, ya dube ni. Ya jawo aljihun rigata ya zura su ciki, ya daddaɓa aljihun sau biyu, sannan ya yi wata magana da ta sa samarin suka sunkuyar da kai suna dariya. Na matsa wa saurayin ya gaya mini. Ya ce, "Wai a tambaye ka, gidan babanka otel ne?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na koma jaka na ɗauko kilishi leda guda, wannan ya karɓa. Ya gutsura, yaji ya sarƙe shi, ya yi ta tari yana hawaye yana miƙa wa jikokinsa. A mota na buɗe littafina na rubuta a hagu: kwana, abinci sau biyu, ruwan wanka. A dama na riƙe biro na daɗe. Sifiri ba gaskiya ba ne. Na bar wurin fili.

Kayes zafi, ko da damina. Daga nan har iyaka a Diboli jerin manyan motoci ne shaƙe da raguna hawa biyu, za a kai su Dakar saboda Layya ta matso. Muka haye gadar kogin Faleme muka shiga Kidira, sai Tambakunda, sai Kaulaha. Na sauka a Kaulaha don in huta, kuma don ba a wuce Madina Baye a ce an zo Senegal. Nan Shehu Ibrahim Inyass yake kwance, shi da ya rasu a 1975, wanda haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a Makka a 1937 ta buɗe masa ƙasar Hausa. Ban yi taku 20 daga bakin masallaci ba na ji an ce, "Malam, sannu da hanya, daga ina?" Wani ɗalibi ne ɗan Zariya, abokin ɗakinsa Bahaushen Kumasi. Ni ba ɗan ɗariƙa ba ne, na kuma faɗa musu, ba wanda ya canza fuska. Na ci tuwo da miyar kuka bayan kwana shida ina cin shinkafa, na kwana a tabarmarsu. Wani filin ya ƙaru a littafi.

Daga tashar jirgin ruwa ta Dakar zuwa Gore kamar minti 20 ne, nisan wajen kilomita 3 ne. Kuɗin Bature daban, na ɗan Afirka daban, na ɗan ƙasa daban, abin da ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Jirgi na tashi cikina ya tashi tare da shi. Ina riƙe da ƙarfe ina karanta duk addu'ar da na sani, sai wata mata mai jiki, da ɗaurin kallabi kamar hasumiya da tsakiyoyi jere a hannu, ta zauna kusa da ni. Ta tambaye ni ƙasata, ta gaya mini inda rumfarta take, ta ce lallai in zo in saya wa matata sarƙa. Na ce mata to, sai na dawo, irin "sai na dawo" ɗin da muke yi wa masu talla a kasuwar Maradi. Ta ce, "Nijar, na riƙe fuskarka."

Tsibirin ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, kuma babu mota ko ɗaya. Yara suna nutso a bakin gada suna tsintar kuɗin da baƙi ke jefawa a ruwa. Lunguna na rairayi, gidaje ja da rawaya da tagogin katako, furanni na zubowa ta kan katanga, itatuwan kuka a hanyar hawa tudun da ke da tsofaffin igwa. Fotugis suka fara zuwa a 1444, 'yan Holan suka ba shi sunan da ya zama Gore, Faransa ta karɓe a 1677, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Duk wannan na sha rubuta shi a allo. Abin da allo bai gaya mini ba shi ne wurin yana da kyau, kyan da har ya sa na ji haushinsa.

Gidan Bayi ginin ƙarshen ƙarni na 18 ne. Matakala biyu ne suka lanƙwasa kamar ƙahon sa zuwa bene, inda masu gida ke zama suna shan iska. A ƙasa ɗakuna ne masu duhu da 'yan ramuka a maimakon taga: na maza, na mata, na yara. A ƙarƙashin matakala akwai wani kurkuku na masu taurin kai, wanda ba a iya miƙewa a cikinsa. Na durƙusa na shiga. Bango yana da danshi, gwiwata tana taɓa haɓata, kuma daga nan ana jin takun mutane a sama sarai. Wato su ma na saman suna jin na ƙasa. Tsakanin matakalun wani siririn lungu ya miƙe zuwa ƙofar da ke buɗewa kan teku, ba komai a bayanta sai duwatsu baƙaƙe da ruwa. Masana tarihi suna gardama kan yawan mutanen da suka bi ta wannan gida, da yawansu na cewa tashoshin da suka fi Gore fitar da bayi suna can kudu. Na yarda da su, amma gardamar ba ta rage danshin bangon nan ba. Kuma ina tsaye a bakin ƙofar na tuna mu ma ba mu da bakin yin fahari: ayarin da ke tashi daga Damagaram zuwa Tarabulus ba fata da gashin jimina kawai yake ɗauka ba, kuma sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a dokarta.

Na nemi tsohon ginin makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin daga 1913 har wajen ƙarshen shekarun 1930. Nan Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, da marubuci Bubu Hama suka yi karatun malanta, yara daga ƙasar rairayi an kawo su tsakiyar ruwa. Ina tsaye ina tunanin yadda suka ji ranar farko, sai na ji sanyi ya ratsa ni da rana tsaka. Na san wannan sanyin. Na lallaɓa zuwa masallacin da ke gindin tudu a bakin ruwa, na yi azahar a zaune, na fito na jingina da bango, haƙora suna haɗuwa.

"Nijar! Nan rumfata take?"

Ita ce. Ta taɓa goshina da bayan hannu, ta daina dariya. Ta ƙwala wa wani yaro kira, suka kama ni zuwa ɗan asibitin tsibirin. Aka soki yatsa, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ban ga lokacin da ta biya kuɗin magani ba. Daga nan gidanta, wani tsohon gida da iyalai da yawa ke rabawa, ta kori ɗanta daga katifarsa. Kwana biyu na yi a ɗakin. Ina tuna ƙarar ruwa yana dukan duwatsu duk dare, da shayin ganyen kinkeliba da safe, da mijinta mai kamun kifi da ke leƙowa ya ce "nanga def", in ce "mangi fi", iyakar Wolof ɗina ke nan, ya gyaɗa kai ya fita. Rana ta biyu ta ajiye babban faranti na shinkafa da kifi, wadda suke kira cebu jen, muka kewaye shi mu bakwai. Tana gutsuro kifi da rogo da kabeji da yatsunta tana turowa gabana, in na rage hannu ta ce, "Lekkal!" wato ci. Duk sanda na ce "jerejef" sai a amsa mini "nyo ko bok". Ɗanta ya ce ma'anarsa tare muka mallake shi.

Na riga na koyi darasi a hannun dattijon Sarakole, don haka ban fito da kuɗi a gidanta ba. Na dai tambayi kuɗin maganin, tunda wannan bashi ne. Ta yi kamar ba ta jin Faransanci. Ledar kilishi ta biyu ta tsaya a nan.

Da safen tafiyata na ce ta kai ni rumfar. Na zaɓi sarƙar tsakiya shuɗiya don uwargida, da ƙaramin awarwaro don yarinyar bencin baya. Ta ce jika biyar. Na ce haba Hajiya, ni ne fa. Ta ce ta sani, jika biyar. Na taya biyu. Ta karɓe sarƙar daga hannuna ta mayar kan ƙusa. Muka yi ta ja har jirgi ya yi ƙaho na farko, na tafi na dawo, ta rantse da Wolof na rantse da Hausa, maƙwabtanta suna ta dariya. A jika huɗu muka tsaya, ko dala ba ta ƙara ragewa ba, ta kuma ƙirga kuɗin sau biyu a gabana.

A cikin jirgi na buɗe littafin a kan gwiwa. Shafin Gore duk fili ne a ɓangaren dama, tun daga magani har zuwa katifa. A layin ƙarshe na rubuta: sarƙa da awarwaro, 4,000. Na san ta ci ni aƙalla jika guda.