Gadar jirage 674: yadda rundunar Farisa ta taka teku da ƙafa

A ƙasar Turkiyya ta yau akwai mashigin ruwa da ya raba Asiya da Turai, ana ce masa Dardanel, Girkawan dā kuwa Helesfont suke kiransa. A inda ya fi matsewa faɗinsa ya ɗan haura kilomita ɗaya ne kawai, amma ruwa ne mai ja, yana gangarowa daga wajen Bahar Aswad zuwa Tekun Ijiyan, ga iska mai juyawa ba sallama. Sai a watan Maris na 2022 aka buɗe gada ta dindindin ta farko a kansa. Amma tun a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Zerzes na Farisa (Iran ta yau), ɗan Dariyus, a kan hanyarsa ta kai wa Girka yaƙi, ya ƙetare shi da dakaru da dawakai da raƙuma, kowa a kan ƙafarsa. Duk shekarun da za a ambata nan gaba na wancan lissafin ne, wanda ake ƙirgawa baya-baya.

Mafi yawan bayanin aikin daga Hirodotus ya fito, Bagirke ɗan garin Halikarnasus, inda Bodrum take yanzu. Yana yaro ƙarami aka yi yaƙin, daga baya ya bi yana tambayar waɗanda suka gani. In ya zo kan yawan mutane yakan zuba gishiri, amma in ya zo kan igiya da katako da ƙasa, bayaninsa na wanda ya zauna da masu sana'ar ne.

Aikin bai fara da gada ba, da haƙa ya fara. A 492 Dariyus ya tura jirage ƙarƙashin kwamandansa Mardoniyus, guguwa ta riske su suna zagaya dutsen Atos a arewacin Girka, ta maka su da duwatsu. Hirodotus ya ce jirage kusan 300 suka nutse, da mutane sama da 20,000. Da Zerzes ya tashi nasa shirin, sai ya ce ba zai zagaya dutsen ba, zai yanka wuyan ƙasar da ya haɗa shi da tudu. Tsawon wurin kamar kilomita biyu ne, kuma umarnin shi ne a yi faɗin da jiragen yaƙi biyu za su wuce kafaɗa da kafaɗa ana tuƙa su. Manyan Farisawa biyu, Bubares da Artakayis, su suka tsaya a kan aikin, aka shekara uku ana yi.

An ja layi, aka raba wa kowace al'umma nata yanki. Na can ƙasa suna haƙa, su miƙa ƙasar ga waɗanda ke tsaye a mataki na sama, su ma su miƙa, har ta kai baki a kwashe. Kuskuren da kusan kowa ya yi shi ne yanka bangon a tsaye, faɗin sama daidai da na ƙasa. Duk mai haƙar rijiya ya san ƙarshen wannan: ramin na yin zurfi, gefe ya rufta, a koma kwasar abin da aka riga aka kwashe. Finikiyawa, mutanen gaɓar Lebanon ta yau, su kaɗai suka tsira. Sun buɗe bakin nasu yankin ninki biyu na faɗin da ake so, suna sauka suna matsewa, ya zama bangon yana kwance a karkace yana ɗauke da nauyin kansa, da suka isa ƙasa sai ga shi daidai da na kowa. A bakunan biyu an yi madatsai don kada igiyar ruwa ta cika su da yashi. An kafa kasuwa a wani fili kusa, ana kawo garin hatsi daga Asiya.

An daɗe ana ɗaukar labarin nan tatsuniya. Binciken ƙarƙashin ƙasa da aka yi kusa da ƙauyen Neya Roda a shekarun 1990 na zamaninmu ya gano hanyar a binne, faɗinta kusan mita 30 a sama, tana matsewa zuwa ƙasa. Hirodotus dai cewa ya yi girman kai ne ya sa aka haƙa, tunda ana iya jan jiragen ta tudu. A nan bai yi wa Zerzes adalci ba. Jan jirgi goma daban, jan ɗaruruwa da kayansu daban.

Gadar kuwa sau biyu aka yi ta. Ta farko daga Abidos a gefen Asiya zuwa wani tsauni da ya kutsa cikin ruwa kusa da garin Sestos a gefen Turai. Layi biyu ne: Finikiyawa suka yi ɗaya da igiyar lilin, wato zaren wani tsiro mai kama da rama, Misirawa suka yi ɗaya da igiyar ciyawar Nilu, wadda suke yin takarda da ita. Ana gamawa guguwa ta taso ta tsinka komai. Nan ne labarin da kowa ya fi riƙewa ya faru, cewa sarki ya sa aka yi wa teku bulala 300, aka jefa mata marin ƙarfe, aka kuma fille kawunan masu kula da aikin. Wannan ya yi wa Girkawa daɗin faɗa domin yana nuna sarkin da ya wuce gona da iri. Abin da ya fi amfani shi ne gyaran da sababbin injiniyoyin suka yi, da takobi a wuyansu.

Sun jera jirage gefe da gefe, 360 a gadar da ke wajen Bahar Aswad, 314 a wadda ke wajen Ijiyan. Iri biyu ne, manyan jiragen yaƙi masu hawa uku na matuƙa, waɗanda kowanne ke cin matuƙa 170, da ƙanana masu matuƙa 50. Kowane jirgi an juya hancinsa ya fuskanci jan ruwa, don ruwan ya bi ta gefensa ya wuce maimakon ya doki cikinsa. Aka saki manyan ankoki, na sama saboda iskar da ke fitowa daga Bahar Aswad, na ƙasa saboda iskar yamma da ta kudu. An bar kafa a tsakani don ƙananan jiragen fatake su riƙa wucewa, domin hanyar hatsi ce, toshe ta gaba ɗaya wata fitinar ce.

Sai igiya, wadda ita ce ƙashin bayan gadar. Maimakon kowace gada ta dogara da iri ɗaya kamar dā, sai aka gauraya: kowacce ta sami igiyar lilin biyu da ta ciyawar Nilu huɗu. Hikimar a fili take, in iri ɗaya ya gaza, ɗayan na riƙe. An shimfiɗa su a kan jiragen daga gaɓa zuwa gaɓa, aka ɗame su daga tudu da manyan gungumen naɗi na itace. Kaurinsu ɗaya, amma ta lilin ta fi nauyi. Hirodotus ya ce kowane kamu ɗaya nauyinsa talanti ɗaya ne, wato kamar kilo 26 a ƙasa da rabin mita. In aka buga lissafi, mita ɗaya ta haura kilo 50, igiya guda mai tsawon mashigin ta haura tan 60. Ba abin da za a naɗe a ɗora wa jirgi ɗaya ba ne, shi ya sa hankali ya fi karkata ga cewa gutsure-gutsure aka kawo aka haɗa a wurin, ko kuma adadin ya sha gishiri.

Daben gadar ya zo a ƙarshe. Aka tsaga gungume daidai faɗin gada, aka jera su a kan igiyoyin, aka ɗaure. A kai aka zuba ƙirare da rassa, sannan ƙasa, aka daɓe ta yi tauri kamar hanya. Gefe biyu aka kafa shinge mai tsayi. Ba don kada mutum ya faɗa ba, don kada doki ko alfadari ya hango ruwa ya firgita. Dabba ɗaya ta yi tutsu a tsakiyar gada mai lilo, layin da ke bayanta duka ya tsaya. Wanda ya yi tunanin shingen nan ya san dabbobi.

An raba hanya: dakarun ƙasa da mahaya ta gadar sama, dabbobin kaya da barori ta ta ƙasa. Kwana bakwai dare da rana ana wucewa. Hirodotus ya ce dakarun ƙasa 1,700,000 ne, kuma a Doriskos, wani gari a gefen Turai, aka ƙirga su ta hanyar cusa mutum 10,000 wuri ɗaya, a zagaye su da katanga, a riƙa cikawa ana fitarwa. Dabarar ƙirgar mai yiwuwa ce, adadin ne ba mai yiwuwa ba. Ruwan sha da hanyoyin yankin ba za su ɗauki haka ba, masana na yanzu suna sare shi ƙasa ƙwarai. Ko a hakan, ciyar da su sai da aka tara hatsi tun kafin a taso, a rumbuna a Doriskos da Eyon da Makidoniya da wasu wurare. Garuruwan kan hanya aka ɗora wa liyafar sarki. Mutanen Tasos an ce talanti 400 na azurfa suka kashe a cin dare ɗaya.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin sana'o'in nan da yake na Farisawa su kaɗai. Igiya ta Misira da Finikiya ce, jirage na mutanen gaɓa ne, har da Girkawan Asiya. Gadar jirage da Dariyus ya yi a kan Bosforus, mashigin da ke Istanbul ta yau, wajen 513 ma Bagirke ne ya tsara ta, Mandirokles ɗan tsibirin Samos. Gwanintar Farisa ita ce tara masu hannu daban-daban, a ba su wa'adi, a ciyar da su, a biya da harajin larduna. Masu raba tarihin nan gida biyu, wai Girka ce ilimi Farisa ce ƙarfin tuwo, ba su duba wanda ya murɗa igiyar ba.

Raunin shirin a jikinsa yake. Rundunar ƙasa tana ci ne daga jirage, hanyar komawa gida kuma tana rataye da igiya goma sha biyu. Da jiragen Girkawa, waɗanda birnin Atina ya gina da yawa daga cikinsu da azurfar ma'adinan Lauriyon bisa shawarar jagoransa Temistokles, suka karya na Farisa a Salamis a watan Satumba na 480, tsoron kada a datse gadar na cikin abin da ya sa Zerzes juyawa da sauri. Da ya isa sai ya tarar guguwa ta riga Girkawa, dakarunsa a jirage suka ƙetare.

A 479, bayan Girkawa sun ci Farisawa a yaƙin Filatiya da na Mikale, Atinawa suka yi wa Sestos ƙawanya har yunwa ta kai mutanen ciki ga dafa igiyar fata ta gadajensu. Wani Bafarise mai suna Oyobazos ya riga ya kwaso igiyoyin gadar ya adana a garin. Da garin ya faɗi, Atinawa suka loda su a jirage tare da sauran ganima, suka kai gida don a ajiye a ɗakunan bautarsu.