Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Hoton da babu mutum a ciki

Makon jiya na tsaya a inda na kwashe kuɗin hotunan Sallah na hau mota a Daura ban yi wa Baffa sallama ba. Wasu sun ce rashin kunya na yi. To ai ba ku zauna shagonsa ba. Shekara shida ina wanke masa hotunan amare da na 'yan makaranta, amma duk ranar da na juya kyamara wajen dutse ko faɗuwar rana sai ya ce, "Kai yaro, hoton da babu mutum a ciki asarar fim ne. Dutsen ne zai biya ka?"

Ta Kwangwalam muka fita, Matamaye, Damagaram, Tanut, sai Agadas. Ba a daɗe da sulhun 1995 tsakanin gwamnatin Nijar da 'yan tawayen Buzaye ba, saboda haka direba ya ƙi tafiyar dare. Ban da ƙura da ciwon baya ba abin da na riƙe na hanyar.

A Agadas na yi wautar farko. Ina sauka da azahar na ga hasumiyar masallacin nan, mita 27 ta jar ƙasa, itatuwa sun fito jikinta cako-cako, Gobarau ta Katsina ta faɗo min a rai. Nan take na ƙona hoto biyar, rana tsaka, babu inuwa ko ta kirki. Duk fari fat suka fito. Fim uku gare ni, kowanne mai 36, ga Yashica tsohuwa, kuma babu shagon da zan ƙara saye a gaba.

Wani Buzu dattijo da ya kai ni Timiya, cikin duwatsun Abzin, shi ya koya min haƙuri, alhali bai taɓa riƙe kyamara ba. Ya ce dutse da sassafe yake da fuska, sai kuma bayan la'asar. Gaskiyarsa. Da rana baƙaƙen duwatsun nan kamar tulin gawayi suke, amma hantsi kafin ya ɗaga kowace tsaga tana da inuwarta, ƙasan kwazazzabo ga ruwa kwance, ga lambunan lemo da rumman kore shar. Dattijon ne ya sa na naɗe kyamara cikin rawani saboda rairayi, fim kuma ya cusa min shi gefen salka don sanyi. Muna jiran haske yana dafa shayi, muna cin cuku. Bagzan kam, mai tsawon sama da mita 2,000, daga nesa na hango shi, ba zan yi ƙaryar na hau ba.

Ranar da na ji a rediyo, a 2013, UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, Baffa na fara tunawa. Ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na so a ce yana raye in tambaye shi ko har yanzu asarar fim ce. Yanzu jikokinsa ne ke ɗaukar gajimare da waya suna turo min.

Duk da rawanin, ƙwayar rairayi ɗaya ta shiga. Fim na biyu gaba ɗaya da zane ya fito, layi siriri daga farko har ƙarshe, kuma a cikinsa kwazazzabon yake. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

Da na koma Daura, sauran hotunan na shimfiɗa su gaban Baffa a kan tabarma. Ya daɗe yana juyawa, bai tambaye ni kuɗinsa ba tukuna. Can ya zaro guda, wanda yaron Buzun ya gifta min da akuya ba da sona ba.

"Wannan kaɗai ne hoto," in ji shi.

Na ce, "Baffa, ku dubi dutsen da ke bayansa mana."

Ya sa shi a aljihu. Maganar kuɗin Sallah, da yadda Inna ta shiga tsakani, sai mako mai zuwa.