Godiya bayan kare kundina

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya na kare kundin digirina na biyu, malamai kuma sun amince da shi. Saƙonninku sun yi yawa har na kasa bin su ɗaya bayan ɗaya, don Allah ku karɓi wannan a madadin amsa.

Shekara biyu Baba yana tambayata, "Wai ke me kike nema ne a jinin mutane?" To Baba, ga amsa a gaban jama'a. A cibiyar galibin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu 'yan ɗigo-ɗigo, sukan kai 10 zuwa 30, kuma wani furotin mai suna PML ne ke tara su. Ƙwayar gadon da ke samar da shi, ita ma PML ake kiranta, tana kan kuromosom na 15, wato ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cibiyar. A wani nau'in sankarar jini, na 15 da na 17 kan karye su yi musanyar guntaye, sai PML ta manne da wata ƙwayar gado, RARA, ɗigon nan su watse kamar an barbaɗa gari. Wata masaniyar kimiyya, Janet Rowley, ce ta bayyana musanyar a 1977, sai a farkon shekarun 1990 aka gano PML ɗin kanta. Ni nawa ɗan kaɗan ne. Na yanko wani yanki nata, na sa bakteriyar E. coli ta hayayyafa min shi, na sa masa launi mai ƙyalli, na nuna mazauninsa a kan kuromosom. Ban gano sabon abu ba, amma da hannuna na yi, a nan Legas.

Baba, kuɗin albasar kasuwar Mil 12 ne suka sayi kusan duk sinadaran nan, ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Allah ya saka maka da Aljanna. Inna, na san tashin dare nawa kika yi a kaina.

Sai dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu. Daren da aka ɗauke wuta, janareto ya mutu, firiza ta narke da aikin wata huɗu, shi ya same ni zaune a ƙasa ina kuka. Ba ya jin Hausa, Yarabancina kuma na ciniki ne kawai. Bai ce komai ba, ya ɗauko sabon farantin gwaji ya miƙo min. Shi ya sa na sake farawa.

Yaya, kai da ka riƙe min kula cike da ƙanƙara a danfo, cikin gosulon titin Ikorodu, kana faɗa da kwandasta kada ya taɓa ta, ban manta ba. Malamata da ta karanta kundin sau biyar da jan biro, na gode, ko da yake a lokacin ban gode ba. Ƙawayena na Agege da kuka daina ganina a biki ba ku yi fushi ba, ku yafe ni.

Akwai walima a gida ranar Asabar bayan la'asar. Inna ta ce masa da miyar taushe ne, kada wanda ya ci abinci kafin ya zo.