Abin da aikin fito a Kamba ya koya min game da tsaron iyaka

Kimiyyar siyasa na karanta, kuma cikin duk kwasa-kwasan da munka yi babu wanda ya shiga raina kamar na hulɗar ƙasa da ƙasa, musamman inda ake maganar ƙasashen da ke tasowa da ƙarfi irin su Chaina da Indiya da Turkiyya da yadda suke neman a dama da su a duniya. Da na ƙare bautar ƙasa aikin gwamnati bai samu ba, sai kawuna ya jawo ni ofishinsa na fiton kaya a Kamba, garin da ke bakin iyakarmu da Nijar a jihar Kebbi, ina cike takardu ina raka direbobi wurin kwastan ina lissafin naira da sefa. To a nan ne na ga karatun nan da idona, don abin da malam ke zanawa a allo mu nan shi ne abincinmu, in manya sunka shirya mu samu, in sunka ɓata mu kwana da yunwa.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji sunka kifar da shugaban Nijar Bazoum, Janar Tchiani ya hau, ranar 30 ga wata ECOWAS ta zauna Abuja ta sa takunkumi ta rufe iyaka ta ba da wa'adin mako guda har da barazanar kai soja. Najeriya kuma ta yanke wutar lantarki, kuma fa layin wutar nan ta Birnin Kebbi ya bi ya tafi Yamai, wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga wajenmu take zuwa a lokacin. Mu a Kamba dama ba mu daɗe da numfasawa ba, tun da Buhari ya rufe boda a 2019 sai Afrilun 2022 anka buɗe tamu, ga shi an sake garƙamewa. Tireloli sunka yi layi, albasa na ruɓewa cikin buhu, direba ya cinye kuɗin hanya ya koma cin bashi wurin mai abinci, 'yan dako da 'yan kamasho da masu kabu-kabu duk sunka zauna. Wani tsohon direba Bazabarme da ke yawan zuwa ofishinmu ya ce min, yaro kai da ka yi boko gaya min, matata 'yar Gaya ta Nijar ce ni ɗan Kamba, in anka fara yaƙin nan wane gefe zan kwana? Har yau tambayar nan na ci min rai, don babu wanda ya yi lissafinta lokacin da ake yanke hukunci.

Amma abin da ya fi asarar kaya girma, wanda sai a hankali munka gane shi, shi ne tsinkewar igiyar da ke tsakanin jami'an tsaron ɓangarorin biyu. Mutane na ɗauka haɗin gwiwar tsaro takarda ce da shugabanni ke sa wa hannu ana ɗaukar hoto. Ni abin da na gani a boda ya fi haka ƙanƙanta kuma ya fi haka amfani. Jami'inmu na da lambar jandarman can, in an sace shanu ko mashin an ƙetara da su kafin ɓarawo ya yi nisa waya ta riga shi, hakimi nan ya san mai gari can, sojoji na sintiri kowa a gefensa amma da sanin juna, ɗan bindiga in ya gudu daga nan ya san can ma ana jiransa. Da anka ɓata sai kowa ya kama kansa, ƙaramin jami'i ba zai ɗauki waya ya kira takwaransa ba alhali ogansa na Abuja da na Yamai ba sa ga-maciji, kar a ce da shi ɗan leƙen asiri. Iyakar nan kuwa kusan kilomita 1,500 ce, ta shafi jihohi bakwai tun daga Kebbi har Borno, mafi yawanta daji ne da gonaki da burtali, ba katanga ba shinge.

Cikin wannan ratar 'yan bindigar nan da ake kira Lakurawa sunka samu sarari. Ba sababbi ba ne, sun yi shekaru a wajen Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato, amma a Nuwamban 2024 ne hedikwatar tsaro ta fito ta ambace su, kuma ita da bakinta ta ce sun yi amfani da rushewar haɗin kai tsakanin sojojinmu da na Nijar bayan juyin mulki. A watan nan ne sunka afka wa Mera a ƙaramar hukumar Augie sunka kashe mutanen da sunka bi sawun dabbobinsu. Tun daga nan mutanen ƙananan hukumomin Arewa da Augie da wani yanki na Dandi ba su sake barci da ido biyu rufe ba. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, an buɗe boda a Maris, kaya sun ci gaba da wucewa, amma yarda ba ta dawo da saurin da tirela ta dawo ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES, sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sun ce za su yi rundunarsu ta soja 5,000, a Maris 2025 kuma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi, har ƙasashen ukun sun sa harajin 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shiga musu daga waje, wanda mu masu takardu mu munka fara jin sa a lissafi.

Yanzu bari in zo kan manyan baƙin, don a majalisarmu ta bakin tasha kullum ana musu a kansu, wani ya ce Rasha ta zo an gama da ta'addanci, wani ya ce Chaina ce mafita. Faransa ta kwashe sojojinta daga Nijar a Disambar 2023, Amurka ta bar sansaninta na Agadas a 2024, masu horarwa na Rasha sunka sauka Yamai a Afrilun shekarar. Ni ba na jin haushin kowa ya zaɓi abokinsa, mu ma ai mun ɗanɗana, a 2014 ana tsakiyar yaƙin Boko Haram Amurka ta hana a sayar mana da jiragen yaƙi masu saukar ungulu, dole muka nemi wasu ƙofofi. Samun zaɓi alheri ne. Amma ku duba yadda ƙasashen nan ke tafiya. Turkiyya ta sayar wa Nijar jirage marasa matuƙi Bayraktar tun zamanin Bazoum, ta sayar wa Najeriya jiragen T-129, ko muna shiri ko muna faɗa ita cinikinta na tafiya. Chaina ta sayar mana da jirage marasa matuƙi da tankoki, a Nijar kuma kamfaninta CNPC ne ke haƙo man Agadem, shi ya shimfiɗa bututun nan mai kusan kilomita 2,000 da ya ratsa ta wajen Gaya nan kusa da mu ya gangara har gaɓar teku a Benin. Da rigima ta tashi tsakanin Nijar da Benin a 2024 Benin ta hana lodin mai, nan da nan Chaina ta shiga tsakani jirgi ya yi lodi, amma gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta Benin ta ci gaba da zama a rufe, talakawa na ƙetare kogi da kwale-kwale. Mai ya wuce, mutum bai wuce ba. Wannan abin ya koya min fiye da littafi guda, baƙo inda dukiyarsa take nan yake kashe wuta, kuma wallahi ban ga laifinsa ba, ƙasarsa ta aiko shi ne don amfanin ƙasarsa.

Kuma taimakon nasu ba kyauta ba ne. A Afrilun 2024 takunkumi ya bar Nijar ba kuɗi, CNPC ya ba ta dala miliyan 400 da za a biya da ɗanyen mai, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski, shekara ba ta cika ba sai ga gwamnatin ta kori manyan jami'an kamfanonin man Chaina uku a Maris 2025. Najeriya ta zama abokiyar hulɗar BRICS, ƙungiyar su Chaina da Rasha da Indiya, a Janairun 2025, Modi na Indiya ya zo Abuja a Nuwamban 2024, duk abu ne mai kyau ina murna da shi, amma a cikinsu babu wanda zai aiko ɗansa ya kwana a dajin ƙaramar hukumar Arewa yana gadin ƙauye, kuma jirgi mara matuƙi komai tsadarsa sai an gaya masa inda zai duba, mai gaya masan nan kuwa makiyayi ne ko manomi ko jami'in da ke ɗaya gefen iyaka.

Akwai ma wani abu da mu mutanen Kebbi ya kamata mu riƙa sa wa ido, madatsar ruwan Kandaji da Nijar ke ginawa a kan kogin Kwara a jihar Tilaberi, kamfanin Chaina ne anka ba aikin. Kogin nan ta Kebbi yake shigowa Najeriya, masunta da manoman shinkafa na Dole-Kaina da Bagudo da Yawuri da shi suke rayuwa, Kainji ma da shi take ba da wuta. An daɗe ana cewa wutar da muke ba Nijar tana cikin abin da ya sa ba su tare ruwan ba. Ranar da munka yanke musu wuta mun ba su hujjar su gaggauta neman tasu, wannan shi ma tsaro ne ko da ba bindiga a ciki.

In kun tuna lokacin da ƙofar Tchiani ta rufe wa 'yan diflomasiyya, waɗanda sunka samu shiga su ne Sarki Sanusi da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, Sarkin Musulmi da Janar Abdulsalami su ma sun yi ta kai da kawowa, majalisar dattawa kuma ta ƙi yarda a kai soja. Kawu ya ce min a lokacin, ɗana ka ga waɗanda sunka san gidan su ne anka buɗe wa zaure. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971, hedikwatarta na Yamai, ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba. Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaronmu a lokacin, ya je Yamai a Agustan 2024 an sa hannu kan takarda, a Disamba Tchiani ya fito da Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a lokacin, ya musanta, a Afrilun 2025 ministan harkokin waje Tuggar shi ma ya je Yamai. Ana hawa ana sauka.

Abin da nake roƙo a matsayina na wanda ke cin abinci a bakin boda shi ne a raba maganar sintirin iyaka da rigimar siyasa, ko Nijar na ECOWAS ko ba ta ciki, ko soja ke mulki ko farar hula, kwamandan da ke Kebbi da na Dosso su samu izini a rubuce na kiran juna da zama tare duk wata, a sa hakimai da shugabannin makiyaya da na direbobi a zaman, a kuma yarda in an biyo ɓarayi har bakin iyaka na can su karɓa. A 2025 da Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da babbar sallah mu a waya muka ji daga bakin dillalai bayan an riga an biya kuɗin raguna, to in labarin rago bai iso da wuri ba ina ga labarin masu bindiga a kan babura.