Kofi Uku a Harar

Jiya da yamma ina zaune wajen wani Buzu mai shayi kusa da Hubbaren Shehu, da ya zuba min zagaye na uku sai Habasha ta faɗo min a rai.

Shekara biyu na yi ina koyar da lissafi a Harar, wani gari a can Habasha. Satin farko shugaban makaranta ya ce darasina ƙarfe biyu ne. Na zauna gida har azahar, ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga lokaci, ƙarfe biyunsu takwas na safe ne a wajenmu. Yaran sun jira ni awa guda.

Shekararsu ma wata 13 ce, sabuwarta a Satumba take kamawa.

Amma abin da ya fi zama min a zuciya shi ne gahawa. Mahaifiyar wani ɗalibina ta soya 'ya'yan gahawar a gabana, ta daka a turmi, turare na tashi. Na sha kofi ɗaya zan miƙe, ta ce: “Zauna, Malam, saura biyu.” Na ukun sunansa baraka. Da na ji kalmar nan, wallahi sai na ji kamar a Sakkwato nake.

Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri.